Ruwan Hanta a Wayar Ɗan Kawu

"Lafiya lau muka yini, ɗan kawu, kafin ka shigo."

"To madalla. Ya aiki, 'yar gwaggo? Ya tsufa?"

"Tsufa yana gidanku, ya ce in gaishe ka. Ƙarfe goma na aike ka. Ɗaga kai ka dubi agogo."

Agogon da ke bangon shagon ya nuna biyu da kwata. Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keken ɗinki na ƙafa a kusa da ƙofa saboda haske, teburin yanka, benci, da igiyar da ake rataya ɗinkin da aka gama. Fanka tana sama shiru, don an ɗauke wuta tun safe. Mai shagon tela ce. Wanda ya shigo da leda a hannu kuwa mai fenti ne, ɗan ƙanen mahaifiyarta. Taubasai ne, kuma tun suna yara ba su iya gaisuwa ba sai da tsiya a ciki. Ranar da suka gaisa da mutunci, sai dangi su fara tambayar wa ba shi da lafiya.

A kan tebur akwai rigar shugabar wata makaranta, yadi mai nauyi ruwan hanta. An yanka, an haɗa jiki da hannu, saura shafin ciki, da zif, da zaren da za a bi wuya da shi. Ƙarfe shida shugabar za ta zo karɓa, kuma ta faɗa da bakinta cewa in aikin ya yi mata, Tela ce za ta riƙa ɗinka kayan ɗaliban makarantar. Shekara biyu Tela tana neman wannan aiki. Da safe ta yanko ƙyalle daga yadin, yadda kowane tela ke yi, don a je da shi kasuwa a kara a jikin zare. Mai Fenti ya ce an wuce wannan zamanin. Ya ɗauki yadin hoto da sabuwar wayarsa mai araha, ya bar ƙyallen a kan tebur ya fice.

"Kasuwar ce ta ƙaura, ko kai ne ka ɓata?" in ji Tela.

"Mai babbar waya ba ya ɓata. Taswirar duniya gaba ɗaya tana aljihuna."

"Shi ya sa sai da ka zagaya duniyar kafin ka dawo. Miƙo ledar."

"Ki ce don Allah, ubangidana."

"Ubangidan wa? Kai da na goya har ka jiƙa mini baya? Miƙo!"

"Wata biyar kika ba ni. A wata biyar ɗin kika yi goyon?"

"Ni da wuri na yi hankali. Kai har yau muna jira."

Ta fizge ledar ta zazzage a kan tebur. Zare huɗu suka gangaro, da zif, da shafi a naɗe. Dukansu ruwan hoda ne mai haske, irin wanda ake ɗinka wa jarirai. Tela ta tsaya tana kallonsu.

"Ɗan kawu."

"Na'am. Ina sauraron godiya."

"Wa ya haihu?"

"Ban gane ba."

"Na ga ka haɗo kayan jariri ne, na ce ko an yi mana ƙaruwa ba a faɗa mini ba."

"Abin da kika aike ni shi na kawo, babu ragi babu ƙari."

Ta ɗauki zare ɗaya ta ɗora a kan rigar. "Matso ka duba da idonka, in fenti ya bar maka saura."

Mai Fenti ya matso, ya sunkuya, ya ja da baya, ya karkata kai gefe.

"Yadin nan ba haka na bar shi ba," ya ce. "Me kika yi masa bayan fitata?"

"Na dafa shi."

"Ɗaure masa fuska kika yi ya yi duhu. Ko ni in kika kalle ni haka, ji nake launina yana canzawa. Amma ba ni da bakin magana, ina da shaida. Bari in kira ta."

Ya zaro wayar daga aljihun gaba. Doguwa ce, mai kauri, bayanta yana ƙyalli, sai ɗigon farin fenti nan da can. Ya ɗora babban yatsa a kan wurin buɗewa. Ta yi ɗan gurnani ta ƙi. Ya goge yatsan a wando ya sake. Ta ƙi.

"Shaidar taka ta ce ba ta san ka ba," in ji Tela.

"Tsaro ne. Ko ɓarawo ya sace ta ba zai iya buɗewa ba."

"Ko mai ita ma."

"Fenti ne ya rufe mini zanen yatsa. Ba laifinta ba ne, ita mutum mai tsabta ta sani, wanda ya yi wanka da safe."

"To ai sai ka kai wa wanda ya yi wankan."

Ya haƙura ya danna lambobi. Ta buɗe. Ya taɓa wurin hotuna, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa a tsakiyar fuskar wayar. Suka tsaya su biyu suna kallonsa yana juyawa.

"Me take yi?"

"Tunani."

"A'a, lallai ba a gidanku ta taso ba."

"Waya ce mai natsuwa. Ba ta yin magana sai ta auna. Ki koya."

Kafin hoton ya fito sai da wani talla ya faɗo, na maganin sanƙo. Mai Fenti ya yi maza ya kawar da shi, amma Tela ta riga ta gani.

"Ka ga, a nan ta faɗi gaskiya. Ta dubi goshinka."

"Ga hoton! Duba nan. Yanzu kara zaren."

Ya ajiye wayar a kan tebur, ya ɗora zaren a gefenta. Maganar gaskiya, babu abin da ya raba su. Yadin da ke cikin hoton ruwan hoda ne shar, yana walƙiya kamar an wanke shi da madara.

"Kin gani? Kamar tagwaye. Ko uwarsu ba za ta bambanta su ba. A ba ni haƙuri a gaban shaida."

"Sannu da ƙoƙari. To ni hoton zan ɗinka? In shugaba ta zo in ce mata, ranki ya daɗe, ki shiga cikin waya ki sa rigarki?"

"Kina raina kyamara mai ido uku. Juya bayanta ki gani. Ɗaya, biyu, uku. Ke nawa gare ki?"

Tela ta karɓi wayar, ta buɗe kyamara, ta jira zoben ya gama juyinsa. Ta rufe idon farko da yatsa, hoto ya yi baƙi. Ta rufe na biyu, babu abin da ya canza. Ta rufe na uku, haka.

"Ɗan kawu, biyun nan makafi ne."

"Ba makafi ba ne. Hutu suke. Karɓa-karɓa suke yi."

"Ado ne kawai aka manna maka, irin maɓallan da nake sa wa riga ba su da rami. Shi kuma ɗayan da ke gani, maƙaryaci ne. An sayar maka da makafi biyu da maƙaryaci ɗaya a kwali guda."

"Ba ƙarya yake yi ba, gyara yake yi. Ya ga yadin ya cika baƙin rai, ya ce bari ya taimaka masa. Ke kuma taimako ba ya burge ki."

"Mai zaren fa? Shi ma bai ce maka komai ba? Mutumin da ya san aikina shekara da shekaru?"

Mai Fenti ya sosa ƙeya. "Ya ɗan yi surutu."

"Me ya ce?"

"Wai ina ƙyalle. Na yi masa bayanin ci gaba. Abin da ya ɗan ɓata mini lokaci shi ne rana. Wayar nan tana da kunya, in rana ta yi yawa ba ta nuna fuskarta. Sai da na nemi inuwa."

"Awa huɗu kana neman inuwa?"

"Na biya ta wajen abokaina su ma su sa mata albarka."

Tela ta sake duban agogo. Biyu da rabi ta wuce. Dariyar da ke fuskarta ta ɗan janye.

"Ka ga, bar wasa. Mutumin nan wani lokaci da wuri yake rufewa. In ya rufe, babu mai irin wannan shafin a kasuwar kaf. Dole in kira shi ya jira."

"To kira shi mana. Ina taki wayar? Mai tsadar nan da maigidanki ya kawo miki, wadda ake goge wa fuska da hankici?"

Shi da kansa ya hango wayar a kan taga, siririya, kyakkyawa, a jone da bango, fuskarta baƙi ƙirin.

"Ayya. Tun yaushe?"

"Tun sha ɗaya. Tana hutawa."

"Allah ya ba ta lafiya. Waya ce wannan ko majinyaciya? Kullum na shigo da igiya a jikinta kamar mai ƙarin ruwa. Tawa kuwa ranar Lahadi na ba ta caji. Yau Laraba. Karanta nan."

"Ba na gani."

"Sittin da takwas cikin ɗari. Kuma sau biyu tana faɗowa daga kan tsani. Na farko ba ta ji komai ba. Na biyu siminti ne ya ji ciwo."

"Ba ni in yi kira."

"Maƙaryaciyar? Makauniyar? A'a, ba zan bari ki ɓata hannunki ba."

"Ɗan kawu, don girman Allah."

"Faɗi alherinta uku, a gabanta, tana ji."

Tela ta ja dogon numfashi. "Tana da nauyi. In kare ya biyo ka, kana da abin jifa."

"Ban ji daɗinsa ba, amma na karɓa. Na biyu."

"Tana da zafi. Minti biyu na riƙe ta, tafin hannuna ya yi gumi. Ranar da gawayi ya ƙare da ita zan yi guga."

"Na uku. Kuma ki yi shi tsakani da Allah."

"Tana riƙe caji."

"Ban ji ba. Fenti ya toshe mini kunne."

"Tana riƙe caji! Ba ta san abin da za ta yi da shi ba ne, shi ya sa take riƙewa. Kawo!"

Lambar mai zaren tana rubuce da alli a bayan ƙofa, tare da awon wasu mata. Tela ta danna, ta kara a kunne, sai ta yi saurin janye kai. Muryar mutumin ta cika shagon ta fita har titi, wani mai wucewa da keke ya waiwayo.

"Salamu alaikum! Wa ke magana?"

"Tela ce, baba. Ina wuni? Ɗan kawu, rage mata murya!"

"Madannin ya maƙale," in ji Mai Fenti a hankali. "Fenti ne."

"A'a, 'yata, ke ce? Wannan ɗan'uwan naki mai hoto ya iso? Wallahi na faɗa masa. Na ce ina ƙyalle, ya ce ni mutumin da ne. Ya cusa kansa cikin rigarsa a gaban rumfata yana duba waya, har maƙwabta suka taru, an ɗauka ciwo ne ya tashi masa."

"Baba, yana jin ka," in ji Mai Fenti.

"Ai don ya ji na faɗa. Ƙarfe huɗu zan rufe, ina da uzuri a gida. A dawo da kayan in canza. Amma a zo mini da ƙyalle, kar a sake zuwa mini da talabijin."

Kiran ya yanke. Tela ta zauna a kan kujerar keke tana dariya har da riƙe ciki.

"Kai a cikin riga! Inuwar da ka nema ke nan?"

"Dabara ce. Masu ɗaukar hoto na da haka suke yi, ki tambaya."

Dariyar ta tsaya mata a tsakiya. "Tsaya. In shugaba tana nemana fa? Tun sha ɗaya layina a rufe."

"Yanzu kika zo wurin. Wayata gida biyu gare ta. Ɗaya nawa, ɗaya na baƙi da marasa galihu. Kawo layinki, da allura."

Ta miƙa masa allura, ya tsokana ramin gefe, ya sa layin nata kusa da nasa. Wayar ta mutu, ta farfaɗo da wani kiɗa mai ƙarfi kamar an buɗe gidan rediyo, ta ɗauki lokacinta tana shiryawa. Ko ajiye ta bai yi ba ta fara ruri. Tela ta leƙa lambar, ta miƙe tsaye.

"Ita ce! Ɗauka!"

Ya ja yatsa a kan fuskar wayar. Ba ta motsa ba. Ya sake ja. Tana ta ruri.

"Ɗauka mana!"

"Ina ɗauka, ita ce ba ta gama shawara ba. Layi biyu sun yi mata yawa a lokaci guda, ba ta saba da baƙi ba."

Tela ta ƙwace, ta goge fuskar a zaninta, ta ja da ƙarfi kamar mai yanka yadi. Muryar shugabar makaranta ta faɗo cikin shagon, a nitse, kowace kalma a wurinta.

"Sau huɗu ina kiran ki."

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe, wuta ce aka..."

"Biyar da rabi zan zo, ba shida ba. Ina fatan kin tuna abin da na ce. Ba na son abu mai haske a jikina. Komai ya bi launin yadin."

"Komai zai bi, ranki ya daɗe," in ji Tela, tana rufe zaren ruwan hodan da tafin hannu kamar matar tana gani.

Da aka kashe, Tela ta fara mayar da kayan cikin leda.

"Ka san abin da ya fi ba ni mamaki? Da makaniki na aika, ko mai gyaran famfo, sai in ce bai sani ba. Amma kai da launi kake ci da iyalinka."

"Shi ya sa ba a ja da ni a kan launi," in ji Mai Fenti, ya gyara tsayuwa. "Shekara goma sha biyu ina fenti, ba a taɓa cewa in sake bango ba. Kin san dalili? Ko shekaranjiya wani maigida ya zaro waya yana nuna mini, wai irin wannan yake so a falonsa. Na ce maigida, mayar da wayarka aljihu. Waya ba ta faɗin gaskiyar launi. Ka kankaro mini ɓawon bangon in riƙe a hannuna, in shafa kaɗan a gefe, mu jira ya bushe, mu duba a rana, mu duba a inu..."

Tela ta ajiye ledar, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Ci gaba, malam. Karatun yana shiga."

"Wannan maganar bango ce. Bango daban, yadi daban."

"Waya ba ta faɗin me?"

"Tasa nake nufi. Tasa ce ba ta faɗa."

"Wato abin da ba ka yarda a yi wa bangon wani ba, shi ka yi wa rigata."

"Sabuwa ce, 'yar gwaggo. Kwana tara. Mutum yana so ya ga ta yi wani aiki ban da tashe shi da safe."

"Juyo nan."

Ta ɗauki ƙyallen da ya bari tun safe, ta kama gaban rigarsa, ta soke shi da fil biyu a daidai ƙirji.

"Haba! Ni da gemuna? Haka zan ratsa kasuwa?"

"Haka. In ka sa a aljihu za ka ce ya canza launi a hanya. Ita kuma bar ta nan."

"Wayata?"

"Layina yana ciki. Kuma in ka tafi da ita, za ta sake ba ka shawara."

Ya fita yana waiwayen wayar kamar wanda ya bar ɗansa a makaranta ranar farko.

Huɗu da minti ashirin ya dawo, jiƙe da gumi, ƙyallen yana nan a ƙirjinsa. Tela ta zazzage ledar, ta kara zare, ta kara zif, ta shimfiɗa shafi a kan rigar. Duk sun hau, sai ka ce tare aka rina su. Ta hau keke.

"Babu sannu?"

"Sannun tana bayan ƙarfe biyar da rabi. Hura mini gawayin dutsen guga."

Ya tsuguna a bakin ƙofa yana fifita. "Tsohon nan mugu ne. Ƙin cire ƙyallen ya yi. Ya tsayar da ni a rana, yana jera zare a ƙirjina ɗaya bayan ɗaya, yana kiran maƙwabta su zo su ga sabuwar wayar da aka ƙirƙiro."

"Ka ga wannan ba ta buƙatar caji."

Keken ya yi ta gudu. Can allura ta karye, sabuwar da ta ɗauko kuma ta suɓuce ta shige ƙarƙashin tebur, inda babu haske. Mai Fenti ya miƙe. Ya ɗauki wayarsa, ya danna lambobi, ya kunna tocila. Hasken ya fito da ƙarfi har da ƙurar da ke lungu aka gani, ga allurar tana ƙyalli.

"Alheri na huɗu," ya ce.

"Ashe tocila ka saya, aka yi maka gyara da waya."

Biyar da minti ashirin da biyar ta cire zaren ƙarshe da haƙori, ta goge rigar, ta rataye. Biyar da rabi daidai shugabar ta shigo, doguwar mace mai gilashi, wadda in ta dubi mutum sai ya tuna ko ya yanke farce. Mai Fenti ya miƙe daga benci ba tare da an ce masa ba, ya ɓoye hannuwansa a baya.

Ta amsa gaisuwa a taƙaice. Ta juya rigar ciki waje, ta bi ɗinkin shafin da yatsa, ta ja zif sama da ƙasa sau uku, ta kai wuyan bakin ƙofa ta duba a haske. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta shiga bayan labule ta sa, ta fito ta tsaya gaban madubi. Madubin shagon ƙarami ne, daga kai zuwa ƙirji yake tsayawa.

"Ba na ganin tsawonta," ta ce. "A ɗauke ni hoto in gani. Tawa wayar ta kira ce kawai."

Tela ta dubi tagar da majinyaciyarta ke kwance. Ta dubi ɗan kawunta. Ta girgiza masa kai a hankali, tana zare ido.

"Kai, saurayi, ba waya ce a hannunka ba?"

"Ita ce, ranki ya daɗe. Sai dai ita wannan..."

"Ɗauka."

Ya ɗaga wayar. Ta rubuto masa cewa wuri ya cika. Ya shiga goge hotunan bangaye da gumi a goshi, shugabar tana tsaye ƙyam, ba ta ko ƙifta ido. Daga ƙarshe wayar ta yi ƙara kamar an karya kara. Ya miƙa da hannu biyu, ya koma bayan tebur.

Tela ta leƙa ta gefen kafaɗar matar. Rigar ta fito ruwan hoda shar, kamar fure. Ba rigar kaɗai ba. Fuskar da ke sama da ita sumul take, babu layin goshi, babu na gefen baki, idanu manya suna haske a bayan gilashi.

Shugabar ta cire gilashinta, ta goge, ta mayar. Ta daɗe tana kallo.

"Ranki ya daɗe," in ji Tela, "wayar ce. Wallahi rigar ba haka take ba, ki dubi hannunki ki gani, ruwan hanta ne, komai ya bi..."

"Na san launin rigata. Ni na sayi yadin." Ba ta ɗaga kai daga wayar ba. "Wannan matar ma na san ta. Shekara ashirin rabona da ita."

Ta miƙa wa Mai Fenti wayar.

"Saurayi, ƙara ɗaya. Ta gefe."

Ya ƙara. Ta duba, gefen bakinta ya ɗan motsa. Ta koma bayan labule ta canza, ta fito da rigar a naɗe a hannu. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ɗinkinki yana da tsabta. Litinin ƙarfe takwas ki zo da tef ɗinki, za a fito miki da ɗalibai aji aji. Kai kuma, ka rubuta mini sunan wayar nan a takarda, ka ba ta ta taho mini da shi."

Suka jira har ƙarar takalminta ta ɓace. Tela ta zube a kan kujera, ta rufe fuska da hannu biyu, tana hamdala. Mai Fenti ya zauna a benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya goge wayar a hannun riga.

"To?"

"To me?"

"Muna jira, ni da ita."

"Ɗinkina ne ya ci. Da kunnenka ka ji."

"Ɗinkinki ta juya shi ciki da waje ko murmushi ba ta yi ba. Wayata dannawa biyu, matar da ɗalibai ke gudu ta kusa nuna haƙori."

"Maƙaryaciya ce dai."

"Na yarda."

"Makauniya ce ta ido biyu."

"Wannan ma na yarda."

Tela ta dubi wayar, ta girgiza kai. "Amma ta san wanda za ta yi wa ƙarya. Shi ke nan, na sallama. Ka nemo yadi in ɗinka maka riga. Wannan ta jikinka ta riga ta zama bango."

"Kyauta?"

"Kyauta. Yi maza ka amsa kafin in dawo hayyacina."

"Na amsa, Allah ya saka, uwar ɗakina ta yau kaɗai." Ya miƙe ya nufi ƙofa, ya tsaya inda ya tabbata hannunta ba zai kai ba. "Gobe zan leƙa kasuwa. In na ga yaduka masu kyau, sai in turo miki hotonsu ki zaɓa mini launi."

Ta wawuri ƙullin ƙyallaye ta wurga masa. Ya sunkuya, ƙullin ya wuce ta kansa ya faɗa titi, ita kuma ta kifa kai a kan keken ɗinki tana dariya har da hawaye.